Haƙoran ƙasa sun hau kan juna: wace waya ce ta fi miƙar da su?

'Yar yayata ta shigo gida wata Asabar da la'asar, ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba ta ja leɓenta na ƙasa da yatsa ta ce, "Kawu, don Allah dubi nan." Haƙoranta na sama a jere suke reras, har da 'yar wushirya. Na ƙasa ne suka hana ta sakat. Biyun tsakiya sun juyo sun fuskanci juna kamar littafin da ba a gama buɗewa ba, na gefen dama ya ja da baya ya laɓe, fiƙar hagu kuma ta ɗan murɗe. Ta riga ta je asibitoci biyu, an zayyana mata hanyoyi har biyar, kowace da kuɗinta, ta fito kanta a ɗaure. "Ni dai wadda ta fi sauri nake so," in ji ta, "kuma wadda ba za a gani ba."

Wurina ta zo don ta san na taɓa zama da wayar haƙori a baki har wata 22, ina da shekara 30 da ɗoriya, kuma tun daga lokacin ban daina bibiyar abin da masana fannin suke rubutawa ba. Abin da na faɗa mata ranar shi zan faɗa a nan, da ƙarin bayani. A haƙoran ƙasa, wayar ƙarfe da aka saba da ita ce na fi amincewa da ita, ga shi kuma ita ce mafi sauƙin kuɗi. Sauran huɗun kowace tana da irin bakin da ta dace da shi, amma babu wadda ta kere ta wajen miƙar da haƙoran ƙasa, wasu ma a ƙasan ne rauninsu yake fitowa fili.

Abin da ya sa ƙasa ta fi sama wuyar sha'ani

Haƙoran gaba huɗu na ƙasa su ne mafi ƙanƙanta a baki, faɗin kowanne bai wuce milimita 5 zuwa 6 ba. Saiwoyinsu a cikin wani siririn ƙashi suke, a saman haɓa. Ta gaba leɓe yana danna su, ta baya harshe yana tura su, haƙoran sama kuma sun rufe su kamar murfi a kan tukunya. In ka ga sun cunkushe, jimillar faɗinsu ce ta fi wurin da ƙashin ya ba su. Fasinja shida ne a kujerar mutum biyar, dole wani ya zauna a karkace, wani ya matsa gaba, wani ya jingina baya.

Waya, ko wace iri ce, ba ta ƙera wuri. Sai likita ya nemo shi, kuma hanyoyin ba su da yawa. Yana iya barin haƙoran su kwanto gaba, duk milimita 1 da suka matsa gaba tana ba da wurin kusan milimita 2. Yana iya faɗaɗa jerin ta gefe, sai dai tazarar da ke tsakanin fiƙoƙin ƙasa biyu tana da taurin kai, in aka buɗa ta da yawa komawa take yi. Yana iya goge ɗan kaɗan daga gefen haƙoran, tsakanin milimita 0.2 zuwa 0.5 a kowace mahaɗa, wanda daga fiƙa zuwa fiƙa kan tara milimita 2 ko ɗan fiye da haka. Ko kuma a cire haƙori: ƙananan turame biyu da ke bayan fiƙa, kowanne kusan milimita 7, ko ɗaya daga cikin haƙoran gaba huɗun. Ƙa'idar da ake koya wa likitocin fannin ita ce, cunkoson da bai kai milimita 4 ba da wuya ya buƙaci cirewa, daga 5 zuwa 9 ya danganta da fuska da dasashi da yadda sama da ƙasa suke haɗuwa, in ya kai 10 kuwa kusan kullum sai an cire.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Da yawa daga cikin baƙar fatar Afirka haƙoranmu na gaba, sama da ƙasa, dama sun ɗan kwanto gaba tun asali. Wanda nasa suke haka, in aka warware masa cunkoso ta hanyar ƙara tura su gaba, zai samu jeri mai kyau amma leɓe ya ƙara turowa, wani ma rufe baki ya zama sai da ƙoƙari. In dasashinsa siriri ne, akwai haɗarin ya janye ya bar wuyan haƙori a waje. Don haka kafin a yi maganar irin wayar, tambayar farko da ya kamata ka yi wa likita ita ce: daga ina za a samo wurin?

Masu cewa "ƙasa kaɗai nake so a gyara mini" su ma su tuna da tukunya da murfinta. In jerin ƙasa ya miƙe ya matso gaba, alhali babu tazara tsakaninsa da bayan haƙoran sama, karo za su riƙa yi. Wani bakin yana karɓar gyaran ƙasa kaɗai, wani kuwa sai an taɓa duka biyun, kuma likitan da ya ce maka haka ba lallai kuɗinka yake hange ba.

Wayar ƙarfe

Tsarinta ya samo asali ne daga Edward Angle na Amurka, wanda a 1928 ya fito da ɗan maɓallin da ake kafawa a jikin haƙori, mai tsaga mai kusurwa huɗu da waya take shiga ciki. A shekarun 1970 Lawrence Andrews ya sa aka ƙera kowane maɓalli da kusurwar da ta dace da haƙorinsa, aikin lanƙwasa waya da hannu ya ragu ƙwarai. A daidai wannan zamanin George Andreasen na Jami'ar Iowa ya shigo da wayar haɗin nikel da titaniyam, ƙarfen da aka gano a ɗakin binciken sojojin ruwan Amurka. Wannan wayar ita ce sirrin watannin farko. Kaurinta bai kai rabin milimita ba. Na ga likitana ya kama ta da ɗan hantsaki, ya lanƙwasa ta ciki har ta kai ga haƙorin da ya laɓe, ya ɗaure ta da 'yar zoben roba. Ita kuma halinta shi ne komawa siffar bakan da aka ƙera ta da ita, sai ta riƙa jan haƙorin a hankali dare da rana, ba ta gajiya.

Cikin wata uku zuwa huɗu gaban bakina ya miƙe, har 'yan uwa suna tambaya me nake jira ban cire ba. Abin da ido ba ya gani shi ne saiwoyin ba su bi ba tukuna. Kan haƙori yana saurin karkatowa, saiwa kuwa sai an sa waya mai kauri mai kusurwa huɗu wadda ta cika tsagar maɓallin, ita ce take murɗa saiwar ta tsayar da ita a tsakiyar ƙashi. A nan wayar ƙarfe ta yi wa saura nisa. Tana juya fiƙar da ta murɗe, tana jawo haƙorin da ya nutse, tana daidaita jerin ƙasa in ya yi kwari a tsakiya har haƙoran gaba suna taɓa ganda, kuma in an cire turame tana rufe giɓin ba tare da maƙwabtan sun faɗa ciki a kwance ba. Maɓallan ƙarfe ƙanana ne kuma ba su da tudu, abin da ɗan ƙaramin haƙorin ƙasa yake buƙata ke nan. Cikakken aiki a sama da ƙasa yakan ɗauki kusan wata 20 a matsakaici, ana komawa asibiti duk mako 4 zuwa 8.

Tana da nata wahalar, ba zan ɓoye ba. Kwana na farko da na biyu bayan an ɗaura ta, ko an sauya waya, haƙoran sukan yi tsami har burodi ma sai ka jiƙa shi a shayi, sai wajen mako guda abin yake lafawa. Cikin leɓen ƙasa yakan yi gyambo kafin ya saba, shi ya sa ake ba ka ɗan kaki ka liƙa a kan maɓallin da yake gugarka. Rake, aya, goro, gasasshiyar masara da ƙashin kaza sai a yi musu sallama, kilishi kuma sai an yayyaga shi ƙanana an tauna da turame. Maɓallan ƙasa sun fi na sama ɓallewa, musamman ga wanda haƙoransa na sama suke rufe na ƙasa sosai. Ni sai da aka ɗora mini wani shuɗin siminti a kan turamen baya don bakin ya daina rufewa gaba ɗaya, na yi mako biyu ina koyon tauna kamar yaro. Kuma in aka yi sakaci da goge baki, ranar da za a cire maɓallan za a tarar da fararen tabo sun zagaye inda suke, farkon ruɓewa ke nan. Aswaki kaɗai ba ya isa ƙarƙashin waya, sai an haɗa da buroshi da man goge baki mai fulorayid da ɗan siririn buroshin nan na tsakanin haƙora.

Maɓalli mai ƙofa

Wannan ita ce aka ce wa 'yar yayata "ta zamani, mai sauri". Ita ma ƙarfe ce, bambancin kawai maimakon zoben roba, kowane maɓalli yana da 'yar ƙofa da ake rufewa a kan wayar. Wadda ta fi suna ita ce Damon, da Dwight Damon ya fito da ita a 1996. Hujjar masu tallarta tana da daɗin ji: tunda babu robar da take riƙe waya, wayar za ta riƙa zamewa cikin sauƙi, haƙora su yi saurin tafiya, ciwo ya ragu, cire haƙori ma ya ragu.

An gwada wannan magana, kuma a haƙoran ƙasa aka fi gwada ta, saboda akwai ma'aunin da Robert Little ya tsara a 1975 mai auna yawan kaucewar haƙoran gaba shida na ƙasa da milimita. A 2007, a ƙasar Girka, Pandis da abokan aikinsa suka bi mutum 54 masu cunkoson ƙasa, rabi da mai ƙofa, rabi da mai zoben roba. A dunƙule ba su ga bambanci a lokacin da jerin ya ɗauka kafin ya miƙe ba. Mai ƙofa ta nuna fifiko a masu cunkoso matsakaici, amma abin da ya fi tasiri shi ne yawan cunkoson kansa, duk ƙarin milimita 1 yana ƙara lokacin da kusan kashi 20 cikin 100. A duka ɓangarorin biyu kuma haƙoran gaba sun kwanto gaba. A 2008 Scott da Cobourne da abokansu a Ingila suka raba mutum 62 ta hanyar ƙuri'a tsakanin Damon da maɓallin da aka saba, dukansu an cire musu ƙananan turame, saurin miƙewar haƙoran ƙasa ya zo ɗaya. Fleming da nasa abokan suka sake gwadawa a 2009 da wani maɓallin mai suna SmartClip, sakamakon bai sauya ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Haƙori yana tafiya ne idan ƙashin da ke gabansa ya narke, sabo ya tsiro a bayansa, kuma jiki yana yin wannan aikin da saurin da bai cika wuce milimita 1 a wata ba. Irin ƙofar maɓalli ba ta sauya wannan. Abin da mai ƙofa ta fi da shi na gaskiya shi ne sauya waya yakan ɗan fi sauri a kujerar likita, kuma babu robar da za ta rine. In likitanka da ita hannunsa ya saba kuma kuɗin bai yi nisa da na ɗayar ba, karɓi abinka, tana aiki sarai. Amma in an ɗora maka ƙari mai yawa da sunan sauri, ni ban ga abin da ka saya ba.

Tangaran, da wadda ake ɓoyewa a baya

Maɓallan tangaran sun shigo kasuwa a ƙarshen shekarun 1980. Launinsu ya yi kusa da na haƙori, a sama suna da kyau ƙwarai, daga nesa waya kawai ake hangowa. A ƙasa kuwa ina jin tsoronsu, kuma da dalili. Tangaran ɗin da ake yin su da shi ya fi ɓawon haƙori tauri. Duk lokacin da ka rufe baki, ƙarshen haƙoran sama yana saukowa daidai inda maɓallan ƙasa suke. In suna taɓawa, kamar kana wasa haƙoranka ne a kan dutse sau ɗaruruwa a yini, kuma haƙorin ne zai ci, maɓallin yana nan. Ɓawon da ya goge ba ya dawowa. Shi ya sa likitoci da yawa ba sa yarda su sa tangaran a ƙasa ga wanda cizonsa yake da zurfi, wato haƙoransa na sama suna rufe na ƙasa sosai, ko mai cizon haƙora cikin barci.

Ban da wannan, sun fi na ƙarfe girma, sukan fashe idan aka zo murɗa saiwa da waya mai kauri, kuma cire su yana buƙatar hannu mai taushi don kada ɓawon ya tsage. Farar robar da ake ɗaure su da ita ma ba ta jure miyar manja da shayi, kafin mako biyu ta koma ruwan ɗorawa. Da za a tambaye ni, tangaran a sama, ƙarfe a ƙasa, haɗi ne mai hankali. Leɓen ƙasa dama yana rufe yawancin maɓallan ƙasa idan mutum ya yi murmushi.

Wadda ake mannawa a bayan haƙora, ta ɓangaren harshe, Kinya Fujita a Japan da Craven Kurz a Amurka ne suka faro ta a shekarun 1970, daga baya aka samu irin su Incognito daga Jamus da ake ƙera wa kowane haƙori nasa maɓallin. Ba a ganinta ko kaɗan, kuma a hannun gwani tana kaiwa inda ta gaba take kaiwa. Sai dai bayan haƙoran ƙasa shi ne wuri mafi matsi a baki. Maɓallan suna kusan taɓa juna, harshe yana kwance a kansu yini guda, ga shi nan ne yawu yake ɓulɓulowa daga ƙarƙashin harshe, inda datti ya fi saurin daskarewa ya zama kamar dutse. Ita ce kan gaba a tsada, masu iya ta kuma ƙalilan ne. Ɓoye waya a jerin da leɓe ya riga ya rufe rabinsa, da wannan kuɗin da wannan wahalar, sai wanda sana'arsa ta tilasta masa.

Robar da ake sawa a cire

Ita ce ta fi ɗaukar hankalin 'yar yayata, ita ce kuma na fi daɗewa ina mata bayani a kai, don tana da kyau na gaske kuma tana da iyaka ta gaske. Ana ɗaukar hoton bakin da na'ura, kwamfuta ta tsara tafiyar haƙoran mataki-mataki, a buga jerin murafu na roba garai-garai, kowanne yana matsar da haƙori kusan kwatan milimita. Ana sauya murfi duk mako ɗaya ko biyu. Invisalign ce ta buɗe wannan kasuwa, kamfaninta an kafa shi a Amurka a 1997, yanzu kuma masu yin irinta sun yi yawa.

Ga cunkoso mai sauƙi, wanda bai kai milimita 4 ba, tana aiki. A 2016 Hennessy da abokan aikinsa a birnin Dublin suka raba mutum 44 masu irin wannan cunkoson tsakanin roba da waya. Waya ta kwantar da haƙoran gaba na ƙasa da digiri 5.3, roba da digiri 3.4, tazarar da ba ta kai a ce ɗaya ta fi ɗaya ba. Ga babba wanda ya taɓa gyara haƙoransa suka ɗan koma, ko mai haƙora biyu uku da suka ɗan kauce, roba zaɓi ne mai kyau. Kana cin abin da kake so, kana goge baki yadda ka saba, dasashi ya fi samun lafiya, ba kuma maɓallin da zai ɓalle ya sa ka shiga mota.

Iyakarta tana bayyana ne idan aikin ya wuce karkato da kan haƙori. Roba tana turawa da kyau, amma ba ta iya riƙo sosai ba. Fiƙa da ƙananan turamen ƙasa zagayayyu ne, juya su da murfin roba kamar buɗe murfin kwalba ne da hannu mai maiƙo. Haƙoran gaba na ƙasa kuma gajeru ne, ba su ba robar wurin kamawa da yawa. Shi ya sa ake manna wasu 'yan ƙulli masu launin haƙori a jikinsu don ta samu abin kamawa, kuma waɗannan ƙullin ana ganinsu daga kusa. A 2009 Kravitz da abokansa a Amurka suka gwada abin da kwamfuta ta tsara da abin da haƙoran mutum 37 suka yi a zahiri, suka samu haƙoran sun yi kashi 41 cikin 100 na tafiyar da aka tsara musu, a matsakaici. Da aka maimaita irin wannan awon a 2020, bayan an inganta robar, ya kai kashi 50, juya fiƙoƙi da turame kuma yana cikin mafi rauni. Wannan ba ya nufin rabin masu sa ta ba sa samun biyan buƙata. Yana nufin zagayen farko sau da yawa ba ya kai haƙoran inda hoton kwamfuta ya nuna, sai an sake awo an bugo ƙarin murafu, wani sau biyu ko uku. Duk wanda zai biya kuɗin roba ya tambaya tun farko ko ƙarin zagayen yana cikin kuɗin. A namu ɓangaren wannan tambaya tana da nauyi, don manyan kamfanonin a waje suke buga murafun, da kuɗin waje, kuma sai an jira isowarsu.

In cunkoson ya kai a cire turame, ko cizon yana da zurfi, ko saiwa ce take buƙatar matsawa, waya ta fi tabbas nesa ba kusa ba.

Sai babban sharaɗin, wanda ba a kwamfuta yake ba, a hannunka yake: awa 20 zuwa 22 a baki kowace rana. Lissafa yininka da gaskiya. Shayin safe, abincin rana, gyaɗar da ake ɗan taɓawa a wurin aiki, lemon da aka kawo wa baƙi, biki, suna, walima. Duk abin da ba ruwa ba ne sai ka cire, ka ci, ka goge, ka mayar. In ka sha shayi da ita a baki, zafin yana iya lanƙwasa ta, sukarin kuma ya kwanta tsakaninta da haƙori. Na san wanda ya naɗe tasa a takardar goge hannu a wurin cin abinci, mai kwashe kwanuka ya haɗa da ita. Yaro ɗan shekara 13 da wuya ya riƙe wannan amana, babba ma sai mai tsari. Waya kuwa tana aiki ko ka tuna da ita ko ka manta.

Kada kuma a haɗa robar da likita yake kula da ita da wadda ake saye ta intanet a aiko maka gida. Kamfanin SmileDirectClub na Amurka, wanda ya fi kowa girma a wannan harka, ya rufe a Disambar 2023 ya bar mutane a tsakiyar aiki. Haka wayoyin ado da ake talla a Instagram, wanda bai taɓa ganin hoton saiwar haƙoranka ba ya manna maka. Ko ta ado ce, in ta matse tana motsa haƙori, kuma siririn ƙashin ƙasa ba ya yafe irin wannan ganganci.

Bayan an cire

Wannan ne sashen da ba a faɗa wa 'yar yayata ba a duka wuraren biyu, kuma shi ne ya fi ci mini rai, don ni ya taɓa ni. Haƙoran gaba na ƙasa su ne suka fi kowane haƙori son komawa gidan jiya. Robert Little da abokan aikinsa a Jami'ar Washington sun bi mutanen da aka gyara wa haƙora shekaru bayan sun daina sa abin riƙewa, wato abin da ake sawa bayan an cire waya don kada haƙoran su koma. A rahotonsu na 1981, bayan shekara 10, kusan kashi 30 cikin 100 ne kawai jerinsu na ƙasa yake a yadda za a yarda da shi. A na 1988, bayan shekara 20, saura kashi 10. Har wanda bai taɓa sa waya ba, haƙoransa na ƙasa sukan ƙara matsewa da shekaru. Mutane sukan ɗora laifin a kan turamen ƙarshe masu fitowa bayan an balaga, amma gwajin da Harradine da abokansa suka yi a Ingila a 1998 ya nuna cire su ba ya hana cunkoson dawowa yadda zai kai a cire su don haka kawai.

Babu irin wayar da take kare ka daga wannan, abin riƙewa ne kaɗai. Iri uku ne: farantin nan mai waya a gaba da Charles Hawley ya fito da shi tun 1919, murfin roba da ake kwana da shi, da siririyar waya da ake mannewa a bayan haƙora shida daga fiƙa zuwa fiƙa. A gwaje-gwajen da aka yi a Ingila, murfin roba ya fi farantin Hawley riƙe jerin ƙasa, wayar da aka manne kuma ta fi murfin idan aka daɗe, saboda mutane suna gajiya da sawa. Ni murfi aka ba ni. Na riƙe shi shekara biyu, ya tsage a wata tafiya, na ce in na dawo zan je a yi mini wani. Wata takwas suka wuce. Ranar da na gwada tsohon, ya ƙi shiga, haƙorin dama ya riga ya juya. Yanzu wayar baya nake da ita, kuma ita ma tana son kulawa: tana tara datti, sai an riƙa zuwa wankin haƙori, in gefe ɗaya ya ɓalle kuma ba ka lura ba, haƙorin yakan sulale.

Mai zama nesa da babban gari ya sa tafiya cikin lissafinsa. Ƙwararrun wannan fanni ba su da yawa, galibi a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da wasu asibitoci masu zaman kansu na manyan birane ake samunsu. Waya tana son a gan ka kusan duk wata ko wata biyu har kusan shekara biyu, kuma wadda aka ɗaura aka daina zuwa dubawa ta fi rashinta illa. Roba tana ɗan rage yawan zuwa, in bakinka irin wanda take iyawa ne.

'Yar yayata ta koma da tambayoyi huɗu a rubuce a wayar hannunta: milimita nawa ne cunkoson, daga ina za a samo wurin, haƙoran sama za su taɓa maɓallan ƙasa ko a'a, kuma da me za a riƙe su bayan an gama. Likitan ya auna ya ce milimita 6 ne, fiƙar hagu ta murɗe da yawa, cizonta kuma yana da ɗan zurfi. Ya ce zai goge tsakanin haƙoran maimakon cirewa, kuma sai ya ɗan taɓa sama don a samu tazara. Ta zaɓi tangaran a sama, ƙarfe a ƙasa, ta kuma roƙe shi ya bar mata wushiryarta. Wata na biyar ke nan. Jiya ta turo mini hoto, haƙorin da ya laɓe ya fito ya shiga sahu, fiƙar ce dai har yanzu take kan juyowa. A ƙasan hoton ta rubuta, "Kawu, na tambaye shi maganar wayar baya, ya ce ranar da zai cire wannan zai manna ta."